Man da Na Ɓoye a Rumbun Albasa

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da rana ta dafa wuyan ɗiyata ba, kuma ni na taya ta da hannuna. Abin ya faru ne a shekarun farko da aka yanke mana jihar Kebbi. Ni manomin albasa ne a Danwarai, mutum mai zargin tsiya. Ko fara'a aka cika yi mini, sai na shafa aljihuna.

Ɗiyata ta fari zabiya ce. Lokacin shekararta bakwai, ga surutu, ga naci, duk inda na sa ƙafa tana biye. Rana kuwa ba ta raga mata. Da bazara ta kama sai fatarta ta yi jawur, ta yi ta saɓa kamar ɓawon albasa. Wata ranar kasuwa na kai kaya Jega, ta maƙale sai da na tafi da ita. Muna zaune gindin buhuna na lura da wata mata tana kallonta. Ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. A lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin masu neman zabiya don tsafi. Na jawo yarinyar na sa ta tsakanin ƙafafuna.

Matar ta matso ta yi sallama. "Malam, ɗiyarka ce?"

"Ɗiyata ce. Lahiya?" Na faɗa ina muzurai.

Ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta ciro wata 'yar farar roba daga jaka. "Wanga man kariya daga rana ne, ba man ƙara haske ba. A shafa mata kafin ta fita, duk inda riga ba ta rufe ba, har kunnuwa da wuya. In ta yi zufa a sake. In ya ƙare, ka nemi mai lamba talatin ko sama da haka. Kuma a sa mata malafa."

Na karɓa na ce na gode, amma a raina cewa nake ruwa ba ya tsami banza. Ba ta san ni ba, ban san ta ba, ina dalili?

A gida uwar yarinyar ta ce, "Malam, mu gwada mana. Kai ma kana ganin wahalar da take sha." Na ce ita dai ba ta san duniya ba. Mu manoma ba ma zuba sabon taki a gona gaba ɗaya, sai mun gwada shi a fangali guda. To, haka na yi: kwana uku ina shafa man a hannuna na hagu. Ba ƙaiƙayi, ba ƙuraje, ba komai. Mai hankali da sai ya ce alhamdu lillahi. Ni kuwa sai na ce maganin da bai nuna aikinsa a fili ba, a ɓoye yake yi. Ji wauta, don Allah! Baƙar fatar da rana ta gaji da ita, me za ta nuna? Na naɗe robar a tsumma na cusa ta can cikin rumbun albasa.

Ranar da za mu cire albasa, yarinyar ta kafe sai ta bi ni fadama ta taya ni yankan ganye. Na ɗebo man shanu, irin wanda iyayenmu ke shafa wa fata in ta bushe, na laɓta mata a wuya da kafaɗu har tana ƙyalli. Zan kai ga fuska uwarta ta ce, "Bar nan, na shafa mata fuska da hannuwa." Na ɗauka basilin take nufi. Tun hantsi muke duƙe har la'asar. Sau ɗaya ta ce, "Baba, wuyana na zafi," na ce ta yi haƙuri, saura kaɗan.

Kafin magariba wuyan ya tashi, ƙuna ta yi ruwa tun daga ƙeya har kafaɗu, sai ka ce an watsa mata tafasasshen ruwa. Ko riga ba ta iya sawa. Amma fuska da hannuwa ƙalau. Ina riƙe da ita tana kuka ta ce, "Baba, inda Inna ta shafa ba ya zafi. Naka ne ke zafi."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na waiwaya ga uwarta. Ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta ce tun kafin in ɓoye robar ta matse kaɗan a gwangwanin basilin. "Ai ka gwada, Malam, amma a fatar da ba ta buƙata."

Washegari na kai ta asibiti a Jega. Mai duba ta ya yi mini tatas, ya ce man shanu ba ya tare rana. Na nuna masa robar da na ciro daga rumbu, ya ce wannan shi ne gatanta. Na nemi matar nan in ba ta haƙuri, aka ce wataƙila daga Maiyama take. Na je har can, ban same ta ba.

Ƙunar ta warke, tabon bai tafi ba. Yau ɗiyata tana ɗakinta da 'ya'yanta, ba ta taɓa yi mini gori ba, amma duk ta duƙa gaishe ni sai na gan shi. Ban ce zargi laifi ba ne, uba dole ya sa ido. Sai dai in abu ya shige maka duhu, ɗauke shi ka kai wa wanda ya sani. Ni ban tambayi kowa ba, kuma ba wuyana ne ya ƙone ba.