Yi Mini Kukan da Bakinki

Shekara takwas ke nan da Allah ya karɓi ran yayana Illa, mai gyaran mota a nan Agadas. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni ƴar kasuwar albasa ce, hannuna ya fi sabawa da buhu a kan alƙalami. Abin da ya zaunar da ni bana shi ne motar da ya bar mini ta fara kuka, kuma saura ƙiris in rabu da ita.

Duk wanda ya taɓa kai wa Illa mota ya san halinsa guda. Ba ya taɓa ƙarfe sai ka yi masa kukan motar da bakinka. Ko kai wane ne. Na sha ganin manyan alhazai da rawani da babbar riga sun tsaya a tsakiyar garaj suna tsuke baki suna "wiii, wiii", shi kuwa ya karkata kai, fuskarsa ba alamar dariya. In mutum ya ji kunya ya ce kuka dai take yi, sai ya ce masa jaki ma kuka yake yi, jariri ma haka, wanne daga ciki? Mutane suna cewa Illa yana da neman magana, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ya taɓa gaya mini dalilinsa. Mai mota ya yi wata da watanni yana zaune da wannan ƙara, ya san lokacin da take zuwa da lokacin da take tafiya, sai dai bai san ya sani ba. In ka sa shi ya kwaikwaya, dole ya tuna.

Bayan kwaikwayo sai fita. Yakan sa mai motar ya tuƙa zuwa gudron, wato titin kwalta na bayan gari, inda ba ramuka, ya kashe rediyo, ya hana kowa magana. Shi yana baya, ya tuɓe takalmi ya dafa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Daga nan sai umarni: ba ta wuta, ɗaga ƙafa, sake bitesi, wato giyar mota, karkata hagu, karkata dama. Ba ya gaggawa. Wani lokaci a dawo garaj ya ce bai tabbata ba, gobe a sake fita, kuma bai taɓa jin nauyin faɗin haka ba.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a shekarunsa na ƙarshe kunnen Illa ya yi nauyi. Bugun guduma da rurin moter, wato inji, sun cinye na dama gaba ɗaya, na hagu kuma sai ka ɗaga murya. Ranar da ya gaya mini, a zauren gidanmu, na ga tsoro a idonsa, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Na yi kuka, ya ce in bari, ba mutuwa ya yi ba. Daga lokacin, in aikin ya yi masa wuya, sai ya aiko a kira ni daga kasuwa. In zauna a gefensa na hagu a bayan mota, in saurara, in kai bakina kusa da kunnensa in yi masa ƙarar da ƙarfi. Yakan ce, "Dije, kar ki gaya mini mi kike zato. Yi mini kukan da bakinki." Haka na koyi abin da ban yi niyyar koya ba. Ban iya kwance ko ƙusa ɗaya ba, amma na san bambancin gurnani da fito.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da aka zo rabon gado, aka tarar tun yana da rai ya shaida wa mutane cewa tsohuwar kat-kat ɗinsa, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, ya ba ni ita kyauta. Mota ce da ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa, ta yi Segedin ta dawo ba adadi a zamanin da yake bin ayarin hamada, har abin ƙirga tafiyarta ya gaji ya tsaya. Da ita nake ɗauko albasa daga Tabelot duk shekara. Malam Sidi ne ke tuƙa mini, mutumin can ne, sa'ana, mai haƙuri da ƙarancin magana.

Bana, bayan damina, muna dawowa daga Tabelot sai wani siririn fito ya taso. Da farko Malam Sidi ya ƙara muryar rediyo, yadda kowa ke yi. Kafin wata ya cika, rediyon ya kasa rufe shi. Duk wanda ya ji sai ya girgiza kai ya ce bwat ce, wato akwatin bitesi, kuma mota mai wannan shekaru in bwat ɗinta ta tafi, ba ta cancanci a saka mata wata ba. Malam Sidi ya ce shi ba zai ɗora mata lodi ya hau duwatsun Ayar da ita haka ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ga albasa ta kusa isa tono. Ana cikin haka wani mai kai kaya wurin zinariya a Cibarakaten ya zo har gida yana son ya saya, ya ce jikinta yake so, sauran zai farke ya sayar. Na ce ya ba ni lokaci. Gaskiya raina ya ɓaci da kalmar nan "farke", kamar akuya ake magana.

A kwanakin nan na yi ta tunanin me Illa zai ce da zamanin yau. Yanzu akwai na'urar da ake jona wa sababbin motoci ta faɗi ciwonsu a rubuce. Na san da ya so ta ƙwarai, don mutum ne mai son sabon abu, kuma wanda kunnensa ya mutu ai ba abin da zai fi masa daɗi. Abin da zai ba shi haushi shi ne masu ɗaukar ƙarar mota a wayar hannu su aika wa mai gyara, su koma shan shayi. Zai ce wayar ta ji, amma ba ta san ko ƙafarka tana kan wuta ba a lokacin. Tawa motar dai ba ta da ramin da za a jona mata komai.

Wata safiya na ce wa Malam Sidi mu fita gudron. Na bar gaba na koma baya, na tuɓe takalmi. Ya dube ni ta madubi, ya kashe rediyo da kansa.

Da muka ɗauki gudu fiton ya zo. Na ce ya sake bitesi amma ya riƙe gudun yadda yake. Muryar moter ta sauya, fiton bai sauya ba. Na ji daɗi, don Illa ya sha cewa yawanci kukan bwat yana bin bitesi. Na ce ya karkata hagu da dama a hankali. Da rulman ƙafa ne, wato ƙwallayen da ƙafar mota ke juyawa a kansu, da ƙarar ta ƙaru a gefe ɗaya ta ragu a ɗayan. Ba ta motsa ba. Sai na ce ya ɗaga ƙafarsa daga wuta. Tsit. Ya sake takawa, fito ya dawo, kuma ina jin shi yana tsattsarga mini tafin ƙafa daga can ƙasa, ta baya. Muka maimaita har na gamsu. Ban san sunan abin da ya lalace ba, amma na san inda yake zaune.

Muka wuce garaj ɗin Abdu, wanda suka yi aiki tare da Illa shekaru da yawa, yanzu shi ma furfura ta kama shi. Na fara yi masa bayani, sai ya ɗaga hannu.

"Hajiya, bar zancen nan. Yi mini kukan da bakinki."

 Tun rasuwar Illa ba wanda ya ce mini haka. Ga maza cike da garaj, ga ni da jikoki, amma na gyara mayafi na tsuke baki na yi. Na yi masa yadda yake hawa in an ba ta wuta, na yanke shi inda ake ɗaga ƙafa.

"Wanga ba bwat ba ne," in ji Abdu. "Pon ne na baya. Kun shiga ruwa bana?"

Malam Sidi ya ce mun ƙetare kori, wato rafin damina, ruwansa yana gudu, har ruwa ya taɓa ƙofa, don in ka ce sai ya janye kana iya kwana a bakinsa. Abdu ya shiga ƙarƙashi ya kwance murfin man pon ɗin, wato tulun nan na tsakanin ƙafafun baya. Abin da ya zubo fari-fari ne kamar kunu. Ruwan kori ya shiga ya gauraya da mai, ya ci rulman ciki. Da ya buɗe ya duba, ya ce haƙoran ƙarfen da ke ciki sun ɗan ji jiki amma za su yi aiki. Ya sa sabon rulma da sabon mai, sannan ya gaya mini gaskiya: ɗan fito kaɗan zai rage, ba zai tafi duka ba, in dai bai ƙaru ba kada in damu. Na aika wa mutumin Cibarakaten cewa ya nemi wata.

Illa bai bar gini ba, garaj ɗinsa ma yanzu shagon sayar da katin waya ne. In na auna abin da ya rage nasa, ɗan kaɗan ne: tambaya guda a bakin Abdu, da haƙurin yin shiru a saurara kafin a yanke wa abu hukunci, da wannan tsohuwar mota. Ina kewarsa ƙwarai, kuma shekara takwas ba ta rage komai ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mun ɗauko albasar farko a makon jiya. Da muka sauko daga duwatsu hanya ta miƙe, ɗan fiton ya taso siriri, yadda Abdu ya ce. Ina zaune a baya. Ban ankara ba sai na ji na karkata dama, na ɗaga murya ina yin kukan da bakina, daidai inda kunnen hagu na Yaya yake kasancewa. Buhun albasa ne a wurin. Malam Sidi ya miƙa hannu wajen rediyo, sai ya fasa, ya mayar da shi kan tuƙi.