Agogon da Bai San Gaisuwa Ba

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na ɗauki gudun famfalaki da zafi. Ni da abokina muke yi. Da an idar da sallar Asuba sai mu ɗaure takalma a Tudun Wada, mu miƙe hanya, mu tsallaka gada har Dundaye, mu juyo kafin ranar Sakkwato ta tuna da mu. Akwai gasar kilomita arba'in da biyu da za a yi a kudu, mu kuwa mun sa ta a rai.

Mahaifina mahauci ne, kuma a ganinsa namiji baligi ba ya gudu sai in sa ne ya tsinke igiya. Da ƙyar ya yarda, shi ma da sharaɗi: ranar da wani ya kawo masa ƙarata, ranar zan ajiye takalma. Na amsa da sauri, don ban ga ta inda gudu zai jawo ƙara ba.

Da atisaye ya yi nisa sai na ga ina bukatar agogo. Na abokina irin na 'yan gudu ne zalla, baƙi, ƙato, mummuna, da maɓallai a gefe. Abin da ya iya kawai shi ne nisa da lokaci da bugun zuciya, amma caji ɗaya yana kai shi kwanaki. Ni kuma idona ya faɗa kan irin wanda ake haɗawa da waya, mai fuska sumul da ake shafawa, ga saƙo, ga kira, har lokacin salla yana tunatarwa. Abokina ya yi ta gaya mini cewa mai dogon gudu maɓalli yake bukata da batir mai juriya. Ina gyaɗa kai, amma gaskiya abin da nake hange shi ne yadda agogon zai leƙo daga hannun shadda ranar Juma'a. Shi na saya.

Ranar Juma'ar kam ya fito da ni. A hanya ne muka san halin juna. Da mun haura awa biyu sai ya fara kukan caji, in kuma yatsa ya jiƙe da gumi, sai ka shafa ka shafa ya yi kamar bai taɓa ganinka ba.

A bakin Dundaye akwai wani tsoho, aminin mahaifina tun suna samari, manomin shinkafa. Kowace safiya yana zaune kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. Ba a wuce shi. Dole ka tsuguna, ya tambayi mahaifinka, da mutanen gida, da kasuwa, da gajiya, ya sake zagayowa kan mahaifin naka. Abokina danna maɓalli kawai yake yi agogonsa ya jira shi. Nawa kuwa yana ta ƙirga, duk gaisuwar tana shiga cikin lokacina. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ranar da muka yi gwajin kilomita talatin ni kaɗai na fita, abokina na fama da mura. Ƙafata ba ta taɓa yin daɗi irin na ranar ba. Da na hango darbejiyar na fara shafa agogon don in tsayar da shi, ya ƙi. Na goge yatsa a riga, ya ƙi. Sai shaiɗan ya raɗa mini cewa yau ɗaya dai ba komai. Na wuce a guje, idona kan agogo, na ɗaga wa tsohon hannu. Hannun da ke sama kuwa shi ne mai agogon, wato hagu.

Labarin ya riga ni isa gida. Mahaifina bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya dube ni ya ce, "Da hagu kag gaishe shi, kuma kana gudu? To, aje takalman ga."

Mako biyu ban yi gudu ba, gasa na matsowa. Na ji haushin agogon, amma na san ba shi ya wuce dattijo ba. Kunya ta fi haushin yawa. Ƙarshe abokina ya ce in daina zaman makoki, ya ciro tsohon agogonsa mai maɓalli da ya ajiye ya ɗaura mini, muka hau kabu-kabu sai Dundaye.

Na tsuguna gaban tsohon na ba da haƙuri, na zayyana masa yadda aka yi, har da batun gumi. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya ba mu labarin yadda a ƙuruciyarsa yake kora shanu da ƙafa zuwa kudu, tafiyar makonni. Ya ce, "Ɗana, mu ma mun yi sauri. Amma ba garin da munka ratsa ba mu gaida mutane ba. Wanga na hannunka, shi ya iya jira?"

Na nuna masa maɓallin. Ya kama wuyan hannuna ya danna, ya ga lambobi sun tsaya, ya sake dannawa suka tashi. Ya yi dariya har da tari. Ranar kasuwa da kansa ya je wurin mahaifina ya roƙar mini, aka mayar mini da takalma.

Tun daga nan danna maɓallin ya koma aikin tsohon. Da na tsuguna sai ya miƙo hannu ya danna, mu gaisa a tsanake, wani lokaci ma da gangan yake ja. In ya gamsu ya sake dannawa ya ce, "Tahi." Gasar na je na gama, can baya-baya, amma na gama. Da na dawo shi na fara kai wa labari, ya ce ai da shanu nake kora da na fi haka sauri.

Mai tambayata wanne zai saya, ina ce masa in dogon gudu zai yi ya nemi mai maɓalli da batir, in kwalliya da saƙo yake so ya ɗauki ɗayan, kada dai ya yaudari kansa kamar yadda na yi.

Tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yanzu nakan bi hanyar, a hankali. Agogon da nake ɗaurawa yanzu da kansa yake tsayawa in na tsaya, ba ya bukatar yatsan kowa. Duk da haka, in na iso darbejiyar nan sai in ji hannuna yana miƙewa gaba, ina kewar mai dannawa.