Ɓangaren Fermín

Faɗanmu da Nicanor Huamaní a kan hayaƙi ne. Ina gasa tsiren zuciyar saniya a inda ƙofar shagonsa take a garin Huancayo tun kafin a haife shi, sai ga shi wata safiya ya fito riƙe da wani ƙarfe mai fanka, ya miƙo mini har hanci.

"Doña Eduviges, dubi aikinki. Maiƙonki ya toshe fankar, katin hoton kwamfuta ya ƙone."

Na ce, "Uwarka ta sha hayaƙin nan da cikinka, ka fito lafiya, in ban da bakin. Ƙarfen ne rago."

Bai rama ba, abin da ya dame ni ke nan. Nicanor mai tsiwa ne, kwamfutoci yake ba masu wasa haya, kullum cikin cacar baki. Ranar kuwa sai ya koma ciki da ƙarfensa.

Katin na kwamfutar kusurwa ne, ta ƙaninsa Fermín, wanda ya mutu da mota ta faɗa rami da shi a hanyar dutse. Ban yi makaranta ba, amma na san kwamfutar nan ɓangare biyu gare ta. In an kunna sai ta tambaya wanne za a shiga. Ɗaya na masu haya, ɗayan Fermín ya shirya da hannunsa. A can akwai wani tsohon wasa inda ya gina gari guda, da gada, da ɗan mutuminsa tsaye a bakin kogi inda ya bar shi. Duk shekara ranar matattu, da mamata ke ziyartar gida, Nicanor yakan ɗora allon a teburin sadaka, tsakanin burodi da furanni, ya buɗe garin kafin sha biyun rana, lokacin da rayuka ke isowa.

Ya sayo sabon kati. Ɓangaren haya ya karɓa nan take. Na Fermín ya ƙi. Wai akwai abin da suke kira direba, mai yi wa kati da kwamfuta tafinta. Sabon kati ba ya jin tsohon direba, tsohon wasa kuma ba ya jin sabo. In ya buɗe wasan, allo baƙi ƙirin, amma sauti na fita: rurin kogi, da takun ƙafa a kan katako.

Ya sa wannan ya cire wancan har ya rame. Abokan sana'arsa suka ce ya share ɓangaren ya sake zubawa.

"In na share, wa ya shirya shi ke nan?" in ji shi.

Kuma duk sanda ya dawo daga ɓangaren Fermín, sai agogon ɓangaren haya ya yi gaba da sa'o'i. Ya ce mini sananniyar matsala ce, gyaranta minti ɗaya. Na ce to gyara mana. Bai taɓa gyarawa ba.

Ranar matattu na kai masa tsiren da Fermín ke so, mai yaji sosai. Na tarar da teburi a shirye, allo baƙi a tsakiya, shi kuma a durƙushe da sukudireba. Ƙararrawar coci ta buga sha biyu. Cikin lasifika aka taka gada, aka tsaya. Nicanor ya rantse bai taɓa komai ba. Ni dai na ga hannuwansa, duka biyun suna cikin injin.

"Fermín ya zo bai ga garinsa ba, Doña," ya ce.

Bayan sati ya rufe shago ya tafi birnin Lima da kwamfutar a kwali, wai can akwai mai tsofaffin katuna. Bai dawo ba, ban kuma sake magana da shi ba. Abin da na gaya masa a ranar matattun, ina ajiye tsiren kusa da burodi, shi ne:

"Kai ne ba ka gani, sakarai. Su matattun, yaushe muka taɓa ganinsu? Ajiye ƙarfen nan, ka ƙara masa murya."