Rijiya Goma Sha Ɗaya da Ka Bar Mini, Almoustapha

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, babu wanda zai yi saura. Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilun 2025, mako biyu bayan ƙaramar salla, Allah ya karɓi ran Almoustapha Rissa, ɗan Takanamat, mai haɗa sauti a fina-finai da shirye-shiryen talabijin a nan Tawa. Ya yi sallar azahar, ya ce kansa na sarawa, kafin la'asar an kai shi asibiti, kafin magariba mai afkuwa ta afku. Shekararsa arba'in da bakwai. Ni Tijjani, wanda na yi shekara goma sha shida ina shirya fim shi kuma yana sa masa murya, sai bayan sadakar bakwai na iya riƙe alƙalami.

Almoustapha, mutane sun yi ta faɗin alherinka a wurin zaman makoki, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun tuna yadda kake tsayar da kowa bayan an gama ɗauka, ka ce a yi shiru na minti ɗaya domin ka ɗauki shirun wurin, har mai gari sai ya haɗiye tarinsa. Sun tuna rigar fatar rago da ka ɗinka wa makirfo saboda iskar ƙasarmu ta Adar, wadda muka yi ta yi maka dariya a kanta har ranar da muka ji bambancin. Wata 'yar wasa ta ce kai kaɗai ne ba ka taɓa bari kiɗa ya danne mata magana ba, domin kullum cewa kake murya ce mai gida, kiɗa baƙo ne. Ina zaune ina gyaɗa kai, amma alherin da ya fi duka girma ni kaɗai na san shi, kuma da kai aka binne rabinsa.

Shekara tara da suka wuce sanƙarau ya kwantar da ni. Na tashi, amma kunnena na dama bai tashi ba, na hagu kuma ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Wa zai ba mai shirya fim aiki in ya san ba ya jin abin da ya shirya? Wata rana muna sauraron wani shiri a ɗakin aikinka, mutane cike, ka kashe ɓangaren dama na abin sauraron da ke kaina, ka tambaye ni yaya na ji. Na ce ya yi daidai. Ka jira sai da ɗakin ya watse, sannan ka rufe ƙofa ka ce, "Tun yaushe?" Na yi kuka a gabanka ranar, kai kuma ka juya kana ta gyara wayoyin da ba su lalace ba.

Tun daga nan ka koma zama a haguna. In sauti ya yi kyau sai ka taɓa gwiwata sau ɗaya, in da matsala sau biyu, ni kuma in ɗaga murya in ce a sake. In muna hira da tsoho mai ƙaramar murya, sai ka maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi kamar kana neman tabbaci, alhali ni kake ba wa. Har suna na yi a Tawa cewa Tijjani kunne gare shi, sauro ba ya wuce masa a fim. Na karɓi yabon ban ji kunya ba, kai kuma ba ka taɓa neman ko ƙwayarsa ba.

To amma bari in yi maka faɗan da na saba, ko da ba za ka amsa ba. Taurin kanka ya fi na raƙumin Takanamat. Sau nawa na ce ka riƙa rubuta suna a kan abin da ka ɗauka? Sai ka buga lamba kawai, ka nuna kunnenka ka ce sunan yana nan ciki. Agogon na'urarka ma ba ka taɓa saita shi ba, duk abin da ta ɗauka rana ɗaya take nunawa. Muna yi maka tsiya kana dariya, ga shi yanzu tsiyar ta faɗo a kaina.

Fim ɗinmu na ƙarshe a kan Baba Muktari ne, tsohon maginin rijiya a wani ƙauye arewa da Afala, wanda idanunsa suka tafi shekara ashirin da suka wuce. Rijiyar da ya gina da hannunsa, gaba talatin da biyu, za a rufe bakinta da siminti a sa mata famfo mai aiki da hasken rana. Ya yarda a ɗauke shi bisa sharaɗi ɗaya, cewa kafin ruwan shuka za mu kawo masa fim ɗin ya ji rijiyarsa. Hoto ba ruwansa da shi. Ya ce kowace rijiya da muryarta, kuma ya san tasa kamar yadda ya san tarin 'ya'yansa. Saboda wannan maganar ka ƙi zura makirfo da igiya kamar yadda ka yi a sauran rijiyoyi goma da muka zaga. Ka sa aka ɗaure ka a ƙugu aka zura ka ciki da kanka, ni ina bakin rijiya ina karanta duk addu'ar da na sani. Bayan mako uku aka rufe ta.

Da ka rasu, na buɗe kwamfutarka na tarar ka gama gyara muryoyi, saura rijiyar. Ga sauti goma sha ɗaya, daga lamba ɗaya zuwa sha ɗaya, babu suna, babu rana, kuma ba a jere suke yadda muka bi garuruwan ba. Na sa abin sauraro na ƙure ƙara har kaina ya yi ciwo. Guga na faɗawa, ruwa na amsawa, igiya na kuka a kan itace, duk ɗaya suke a wurina. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan kunnena ne. Na aika wa wani abokin sana'a a Yamai, ya saurara ya ce ruwa dai ruwa ne, in zaɓi wanda ya fi tsabta, wa zai gane? Na tuna ranar da ni ma na taɓa ba ka wannan shawarar a kan rijiyar Bambeye, ka dube ni kamar na ce mu yi sata a masallaci.

Kwana biyar na yi abinci ba ya wuce mini. Gajimare ya fara taruwa a gabas, kuma an ce Baba Muktari bai cika fitowa ba a kwanakin nan. In na sa wadda ba ita ba, zan tsaya a gaban makaho in yi masa ƙarya da sunanka, kuma zai gane. In na jinkirta, ban san wanda zai riga zuwa ba tsakanin ruwan sama da ajalinsa. In na nemi taimako a Tawa, dole in faɗi dalili, daga nan kuwa aikina ya ƙare. Tsoro nake ji, Almoustapha, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka zura ka cikin ramin nan.

Ranar Litinin da hantsi na ɗauki kwamfutar na hau motar Afala. Na sami Baba Muktari a zaure a kan buzu, ya rame. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Tijjani na. Takun mutum guda ni ji. Ashe da gaske na, yaron ga ya tahi." Muka yi maka addu'a. Na ce masa na zo ne ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi, don har a lokacin ban daina ɓoye-ɓoye ba. Na sa masa abin sauraronka a kai.

Ta farko ya ce ba ita ba ce. Ta biyu ya ce wannan yashi gare ta, ta wajen Bambeye ce. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, yana kaɗa kai tun kafin guga ya kai ƙasa. Da muka kai ta takwas bai samu ba, na fara tunanin ko ka goge ta bisa kuskure, ko ka ajiye ta a wani wurin da ba zan taɓa ganowa ba. A ta tara ya ɗaga hannu.

"Wagga ta," in ji shi. "Ga dutsen da munka huda ga gaba ashirin, shi ka maido da kukan ruwa." Ya ƙara danna abin a kunnensa, sai na ga leɓensa na motsi. "Ga yaron nan ƙasa kuma, shina numhwashi. Tsoro shikai, amma ya riƙe. Ba ka jiya ba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Baba, ban jiya ba. Shekara tara ke nan kunnena ya mutu."

Ya ce, "Na sani tun ran da kunka zo. Duk abin da nic ce, sai shi sake hwaɗi nai da ƙarhi, ni ko na san ba ni shika tambaya ba. Kawo sauran aikin nan, kai ka duba, ni in saurara. Amma numhwashin ga, kar ka hidda shi."

Kai da ba ka taɓa barin ko tari ya tsira a fim ba, wannan karon an fi ƙarfinka, numfashin zai zauna. Gobe zan koma Afala da kayanka. Ban san ko za mu gama kafin ruwa ba, ban san ko wani zai sake ba ni aiki bayan ya karanta wannan ba. Amma ba zan ci gaba da cin yabon da naka ne ba. Jama'ar Tawa su sani, duk abin da suka ji ya yi daɗi a fina-finaina shekara tara, kunnen Almoustapha ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Fatimata, da 'ya'yanka Latifa da Hasan, da mahaifiyarka da dangi a Takanamat, da duk abokan aiki. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin rashin. Ya Allah, bawanka ya rufa mini asiri a duniya ba tare da na roƙe shi ba, ka rufa masa nasa a ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi kamar ƙasan rijiyar da ya shiga don cika alkawari. Ka sa abin da zai fara ji ranar tashi ya zama sallamar mala'ikun rahama. Mu kuma, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Tijjani Alhusaini, Tawa