Ranar da Kwamfuta Ta Kama Baba To

A Kakuri idan ka ce kana neman gidan Malam Istifanus, sai a yi ta kallon juna. Amma ka ce gidan Baba To, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka: bayan tsohuwar masaƙa, gida mai jar ƙofa, da bishiyar gwaiba da ta leƙo waje.

Sunan bai zo masa a banza ba. Tun yana saurayi, da ya sauko daga wajen Pankshin ya kama aiki a masaƙa, Allah ya hore masa kalma guda, ya kuwa rayu a kanta har furfura. Akwai "to" gajere, wanda ke nufin na ji. Akwai "tooo" mai ja, ma'anarsa ka nemi kujera, jira ya same ka. Akwai kuma wanda yake haɗawa da gyaɗa kai da lumshe ido, shi ne ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan yi ba. A kunnen wanda bai san shi ba duk ɗaya ne. Shi da kansa yakan yi wa kansa dariya ya ce, "Ni fa ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa gaskiya ba. A tsakiya na kama haya."

A masaƙa, manaja ya ce kowa ya fito aiki ranar Asabar, ya ce to. 'Yan ƙungiya suka ce yajin aiki za a yi ranar Asabar ɗin, ya ce to. Da ranar ta zo sai zazzaɓi ya kwantar da shi, ya warke ranar Litinin da sassafe. Da soja suka koma bariki aka dawo da siyasa kuwa, nan kasuwarsa ta buɗe. Dattijo ne a coci, kowa na son a gan shi a ƙofar gidansa. Masu neman kansila suka riƙa zuwa bi da bi, kowanne ya zuba alkawarin kwalbati da famfo, Baba ya ce to, a liƙa fosta. Katangarsa ta zama babu jam'iyyar da ba ta da wakili. Ranar zaɓe ya bi layi cikin rana ya dangwala, har yau matarsa Asabe ba ta san wa ya dangwala wa ba. Sau ɗaya aka rama masa: ranar da aka rufe masaƙa aka ce su je gida za a neme su. Yana jin muryar mai sanarwar ya gane irin nasa ne, mai lumshe idon nan.

'Ya ɗaya suka samu, bayan dogon jira da yawon asibiti, suka sa mata suna Peace. Ta yi karatun nas, ta samu aiki a Abuja. Ita ta kawo kwamfuta gidan, 'yar gwanjo mai ƙatuwar ƙeya, da wayar tebur da ake haɗa mata don shiga intanet, wai Baba ya riƙa karanta labarai yana aiko mata da saƙo ta imel maimakon zaman ƙofar gida. Asabe ta ɗinka mata murfi na leshi. Wanda ya zo ya haɗa ta wani saurayi ne mai gyaran kwamfuta a Sabon Tasha, Somadina, ɗan Callistus mai sayar da kayan gyaran mota. A Kaduna aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Yana koya wa Baba riƙe linzamin kwamfutar sai wani ɗan akwati ya fito a allo.

"Baba, idan ka ga wannan kalmar, oke, kamar 'to' ce a Hausa. Sai ka latsa."

Fuskar Baba ta washe. "Ashe Turawa ma sun san abin," in ji shi.

Bai lura da irin kallon da mai gyara da nas suke yi wa juna a bayan kujerarsa ba. Sai da Callistus ya zo da ɗan'uwansa da katan na lemo, suka zauna a falo suka ce sun ga wani fure a gidan nan suna so. Baba ya ce, "Tooo." Damina ta wuce. Kirsimeti ya wuce. Callistus ya dawo da wani katan ɗin, aka sake shan lemo, aka sake jan "to".

Ba wai yaron yana da aibu ba ne. Baba ya bincika, ya sa an bincika, bai samu komai ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Gaskiyar maganar, tsoro yake ji. Peace ce gidan gaba ɗaya. Idan ta zo hutu, ita ce dariyar, ita ce faɗan, ita ce mai ɓoye masa gishiri saboda hawan jini. Idan ta yi aure, hutunta ya zama na dangin miji, can ƙetaren kogin Kwara, shi da Asabe su zauna suna kallon juna a kan kwanon shinkafa. Wannan kuwa ba magana ce da dattijo zai faɗa da bakinsa ba.

Wata ranar Lahadi bayan an taso coci Peace ta kira shi.

"Baba, na gaji. A waya ina jin wutsiyar 'to' ɗinka. Ka rubuto min ta imel, ko e ko a'a, kafin ƙarshen watan nan. Idan ban gani ba, za mu je kotu a nan Abuja mu sa hannu, ba kai, ba Mama, ba coci."

"To," in ji Baba.

Ta kashe wayar. Daga ranar ba ta ƙara ɗauka ba.

Ya yaye murfin leshi ya kunna kwamfuta. Nan fa ake yin ta. Watanni ke nan duk akwatin da ya fito masa sai ya ce masa to. Wani ya ce ya ci mota, ya latsa oke, wato na ji, Allah ya ba da sa'a. Wani ya ce kwamfutarsa ba ta da lafiya, ya latsa oke, wato Allah ya sawwaƙe. Wani ya kawo maganin rage tumbi, ya dubi nasa tumbin, ya ji haushi, ya latsa oke mai lumshe ido. Yanzu da ya buɗe tagar shiga intanet, saman allon ya cika da layi-layi na maɓallai kala-kala, wurin karatu bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya nufi akwatin saƙonsa, sai ga gidan caca. Ya nemi fita, guda uku suka buɗe. Wani biri ya fito daga gefe yana rawa da kiɗa. Bayansa wata Baturiya ta bayyana, wai kaɗaici ya dame ta.

Asabe ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bayansa.

"Baban Peace, wace ce wannan marar riga?"

"Ban san ta ba."

"Ba ka san ta ba, ta san hanyar falonka?"

Ya yi iya yinsa. Ya kashe ya kunna. Ya goge ƙura. Ya rufe ta da leshi ya bar ta ta huta, ko gajiya ce. Ya ɗora mata hannu ya yi addu'a, a hankali, kada Asabe ta ji. Da ya sake kunnawa birin ya dawo da ƙarfinsa, har da aboki. Wata kuma yana ta ƙarewa. Ya yi tunanin zuwa shagon intanet na bakin titi, amma bai san yadda ake shiga akwatinsa daga wata kwamfutar ba, tasa ce ta riƙe masa kalmar sirri. Ya yi tunanin kiran wani mai gyaran daban, sai ya hango labarin dattijon coci da Baturiya yana yawo daga Kakuri har Gonin Gora. Mutum ɗaya ne zai gani ya yi shiru, shi ne kuma mutumin da ya shekara yana sha wa lemo.

Somadina ya zo ranar Asabar da rana, da 'yar jakarsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ya zauna gaban kwamfuta. Da allon ya haska sai ya cije leɓe, kafaɗunsa suna ɗan rawa.

"Baba, me ka yi mata?"

"Ba abin da na yi mata. Gaisawa kawai muke yi."

Somadina ya yi masa bayani a natse. Waɗannan 'yan talla ne. Ba sa shiga sai an buɗe musu ƙofa, kuma kowanne sai da ya yi sallama ya nemi izini. Da sun shiga sai su kafa rumfa a cikin tagar intanet, su sauya hanya, duk inda ka nufa su kai ka shagonsu, su kuma kira 'yan'uwansu.

"Ai ni ban ba kowa izini ba," in ji Baba. "'To' na ce. Kai ka ce min 'to' ce."

"Laifina ne, Baba. Ban faɗa maka ita 'to' ɗaya ta sani ba."

Daga kicin aka ji Asabe ta ce, "Allah na gode maka da ka nuna min wannan rana."

Ya fara da zare wayar tebur, don kada 'yan tallan su kira ƙari. Ya sake tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta barin kowa ya yi motsi sai masu gida, allon ya fito dishi-dishi, ba biri, ba kiɗa. Ya sa faifan da ya zo da shi mai farautar irinsu, ya bar shi yana bin lungu-lungu. Sannan ya buɗe inda ake sallamar duk abin da ya zauna a cikinta, ya tura wa Baba linzami.

"Kai za ka kore su da hannunka, Baba. Idan ni na yi, mako mai zuwa za su dawo ka sake musu maraba."

Na farko shi ne birin. Baba ya latsa, akwati ya fito yana tambaya ko ya tabbata yana so a cire. Maɓalli biyu ne a ƙasa, e da a'a. Baba ya gyara tabarau ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba gefe.

"Ina na ukun?"

"Babu, Baba."

Yatsarsa ta tsaya a kan linzami. Ya latsa e. Rufin ɗaki bai faɗo ba, ba wanda ya yi fushi, birin kawai ya ɓace. Baba ya jingina da kujera ya yi dariya har da tari. "Kai, Istifanus," ya ce da kansa, "an haife ka, ka girma, ka yi furfura, farkon wanda ka iya kora a duniya biri ne."

Daga nan aka yi ta yi. Wasu ba su da kunya, sai su tambaya sau biyu, su ce za su yi kewarsa, su ce ko zai bar rabi. Mai maganin tumbi ya kore shi da zafin nama. Baturiyar kuwa Asabe ta fito ta tsaya a kansa har sai da ta ga tafiyarta. Kowanne dai sai an tambaye shi ko ya tabbata, yana cewa e, har hannunsa ya saba. Somadina ya share layukan maɓallan nan, ya mayar da tagar kan hanyarta ta asali, ya nuna masa ɗan gicciyen da ke kusurwa, inda ake rufe akwati ba tare da an ce masa komai ba. Ya haɗa waya. Akwatin saƙo ya buɗe fari fes, da sunan Peace a sama.

Somadina ya miƙe, ya cire faifansa ya sa a jaka. Ya san abin da ake jira a cikin akwatin nan sarai, amma ko kallon wajen bai yi ba.

"Baba, ta warke. Zan koma shago."

Da ya roƙa, da Baba ya san yadda zai yi da shi. Rashin roƙon ne ya kama shi. Kalmar nan tasa ta taso har maƙogwaro, ya haɗiye ta da ƙyar.

"Zauna," ya ce. "Somadina, ba ka da aibu. Na nema ban samu ba. Tsoro nake ji. Ita kaɗai gare ni, idan ta tafi gidan nan ya zama kango."

Somadina ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

Baba ya jawo kujera. Da yatsa ɗaya yake rubutu, yana farautar kowane harafi, Somadina ya juya fuska wajen taga don kara. Ya rubuta: Na yarda. Allah ya yi muku albarka. Ya karanta, ya sake karantawa. A ransa ya ce bari ya latsa aikawa, idan akwatin nan ya fito yana tambaya ko ya tabbata, sai ya tsaya a nan ya ɗan ƙara tunani, ko zuwa gobe. Ya latsa.

Allon ya yi ƙif, ya dawo fari. Baba ya jira. Ba abin da ya fito.

"Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba."

Somadina ya leƙo. Idonsa ya faɗa kan layin da aka aika.

"Wannan ba ta tambaya, Baba. Ya tafi."

Ya zube ƙasa yana godiya, da Hausa, da yarensu, duk a haɗe. Asabe ta kai bakin zane ido ta koma kicin, tana faɗan wai hayaƙi ya yi yawa. Baba ya dafa kan yaron ya ce ya tashi, ya je ya faɗa wa mahaifinsa su zo a sa rana.

Sannan ya miƙe ya shiga ɗakin Peace. Akwatinta na makarantar kwana yana nan a kan kabad, da sunanta da ya rubuta da fenti. Ya zauna a bakin gadon. Asabe ta kira shi ta ce abinci ya sauka, ga baƙo yana jira. Ya ce su fara ci, yana zuwa.