Murfin Kwalbar Yaya Habu

Shekara shida ke nan da aka kai yayana Habu makwancinsa a Kiyawa, kuma har yau ina jin kunyarsa a kan murfin wata 'yar kwalba.

Malamin kimiyyar sinadarai ne a Dutse. Tun da ciwon suga ya kama Inna, mahaifiyarmu, hankalinsa ya koma kan tsinken gwaji, ɗan siririn abin nan da ake ɗiga wa jini a zura a na'ura. Ya ce a bakin tsinken akwai wani sinadari irin na jikin mai rai, shi ke cin sugan jinin ya haifar da 'yar wutar da na'ura ke karantawa. Zafi da laima suna kashe shi. Aikin Yaya shi ne ya ɗaure sinadarin a jikin ƙwayoyin roba da ido ba ya gani, ko zai jure wa bazararmu. Muna yi masa tsiya wai yana ɗaurin iska. Bai gama ba haɗarin mota ya ɗauke shi a hanyar Kafin Hausa.

Abu ɗaya ya nace mini: "Binta, ki riƙa rufe kwalbar tsinkayen nan gam." Bayan rasuwarsa na ga hannun Inna ba ya iya ɓalle murfin, sai na juye mata tsinkayen a ɗan faranti, na ajiye a taga kusa da carbinta. A ganina tausayi na yi. Wata uku na'ura tana nuna lafiya lau, Inna tana shan kununta da suga, har gyambo ya fito mata a ƙafa. Yatsu biyu aka cire.

Me zai ce yau, da zai ga kwalba a buɗe a teburin mai magani, rana na dukanta, ana sayar da tsinken ɗai-ɗai a leda? Takardun bincikensa suna cikin akwati a ɗakina. Ni ban iya karanta su ba, kuma ba wanda ya zo nema. Abin nan yana ci mini rai.

Abin da ya rage nasa a gidanmu kaɗan ne, amma kullum yana nan. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Kowace safiya idan na huda mata yatsa na rufe kwalba gam, sai ta ce, "Me yayanki ya ce yau?" Nakan karanta mata lambar da na'ura ta nuna. Ban taɓa gaya mata cewa a wata ukun nan ni na toshe masa baki ba.