Mai Gilashi da Malalaciya

Duk layin, Mai Gilashi ake ce masa. Ya fi shekara talatin yana yanka gilashin taga da madubi a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, yatsunsa duk tabo. Ba shi da yawan magana, kuma ba sana'ar ce ta sa aka san shi ba. Mesa yake kiwo.

Ya tsince ta tana 'yar mitsitsiya, cikin ciyawar da ake cusawa a akwatin gilashi don kada ya fashe a hanya. Masu sauke kaya suka rarumo sanduna, shi kuwa ya kife ta da bokiti. Irin ƙananan nan ce marasa dafi, masu dunƙulewa kamar ƙwallo in sun tsorata. Ya haɗa mata akwati na gilashi da hannunsa, ya sa mata suna Malalaciya, don sai ta kwana uku ba ta motsa ba. Marigayiya matarsa ta yi wata guda ba ta taka ɗakin ba. Daga baya ita ce mai canza mata ruwa, tana yi tana mita: "Mutane na kiwon kaji, mu muna kiwon igiya."

Shekara goma sha tara ke nan yana kiwon ta. Wata safiya yana ɗaga madubi, hannun hagu ya saki. Ya fito daga asibiti yana jan ƙafa, baki a karkace, magana ba ta fita sosai. Babbar 'yarsa ta ce ba zai ƙara kwana shi kaɗai ba, gidanta zai koma. Haya ce, a saman bene, ga yara uku.

"Baba, wallahi na yi ƙoƙari," ta ce tana ninke masa riguna. "Baban yara ya ce ko shi ya yarda, mai gidan ba zai yarda a kawo maciji ba."

Bai yi musu ba. Ya ce ta ɗauko biro da takarda, don duk wanda zai karɓa ya san abin da zai karɓa. Yana faɗa da ƙyar, tana rubutawa. Ƙwan fitila a gefe ɗaya kawai, domin in zafi ya ishe ta ta koma ɗaya gefen. Ruwa a kwano mai nauyi, wanda ba za ta kifar ba. Ɓera ɗaya duk mako biyu, na kiwo, ba na kwata ba, don na kwata yana iya cin guba. In ta ci, kada a taɓa ta sai bayan kwana biyu. In idonta ya yi fari-fari, saɓa za ta yi, a yayyafa ruwa a ƙyale ta. Murfi kuwa a ɗora masa dutse.

"Baba, ko jariri ai ba a ba da shi da wannan dogon bayani."

"Jariri yana kuka," ya ce. "Ita ba ta yi."

'Yar ce ta yi ta yawo, shi yana zaune yana jiran labari. Gidan namun daji suka ce irinta sun yi musu yawa. Malamin kimiyya na wata makaranta ya yi murna, washegari ya bugo waya ya ce shugabar makaranta ta hana. Ƙanin Mai Gilashi ya ce a kai ta daji a saki mana. Mai Gilashi ya girgiza kai kawai. Dabbar da ba ta taɓa farauta ba, ina za ta?

Sai wani mai sayar da jakunkunan fata ya zo da kansa, da fara'arsa. Bai tambayi me take ci ba. Ya tsuguna yana auna tsawonta da tafin hannu ta jikin gilashi. Mai Gilashi ya so ya miƙe ya kore shi, ƙafa ta ƙi. Sandarsa ya yi ta bugawa a ƙasa har mutumin ya fita.

Ana saura kwana biyu ya tashi, wata ma'aikaciyar asibitin dabbobi ta ce za ta karɓa. Ba ta taɓa riƙe maciji ba, kuma an yi mata canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Ta zo da direba a gaggauce. Suka ciccibi akwatin, ruwan kwano yana fantsama, shi yana cewa a hankali, a hankali, ba wanda ya gane me yake faɗa. Ta ninke takardar ta jefa a jaka.

Bayan mako shida ta bugo waya. Malalaciya ta ƙi cin komai.

Ya san dalili: sabon wuri ne ya firgita ta. Ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya, ya fara bayani: a rufe akwatin da zane, a rage hayaniya, a ba ta lokaci.

"Baba, ban ji ba. Ka ce me?"

Ya sake faɗa. Harshen ya yi masa nauyi, kalmomin suka cakuɗe. 'Yarsa tana wurin aiki, jikoki suna makaranta. Ya ji matar tana amsa wa wani a can gefe, sannan ta ce tana da aiki a gabanta, za ta sake kira.

Ya ɗora wayar a cinya, ya zauna yana jira.